Yarinyar Tallan Sabulu

Umma ba ta taɓa sa Auta a ido ba, amma ta ƙi ta, ƙi kuwa irin wanda ake yi sau ɗaya a rufe baki. Ranar da ɗanta ya gaya mata sana'ar yarinyar da yake son aura, sai da ta sa ya maimaita, sannan ta ce macen da ke wuni da kyamara a kafaɗa tana kutsawa cikin maza ba da ita za a haɗa ta zama ba. Ta ce in miji yarinyar take nema, ga kyamarar nan ta aura. Daga ranar bai sake samun fuskar tayar da zancen ba.

Shi ɗan nata Nas ake ce masa, don a sashen yara na babban asibiti yake aikin jinya. A gidan su Auta ma ba a bar shi ya sarara ba. Yaya Babba, wanda ya tsaya mata a matsayin uba tun rasuwar mahaifinsu, in ya tashi tsiyarsa sai ya ce shi fa ya rasa gane wace ce amaryar a cikinsu, tunda ɗaya tana ɗaukar ƙarafa, ɗaya yana canza wa jarirai kunzugu. Auta takan yi dariya a gabansa, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Abin da ya riƙe ta shi ne sanin cewa Nas ma da irin wannan gorin yake kwana yake tashi. Ta ɗauka duk duniya shi kaɗai ne mutumin da ba sai ta yi masa bayanin kanta ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja ne tallan sabulu ya shigo tsakani.

Kamfanin da Auta ke yi wa aiki tallace-tallace yake shirya wa gidajen talabijin. Ranar da za a ɗauki na sabulun, tun da safe ta gama kafa fitilu, ta daidaita kyamara a kan ƙafarta, aka zauna jiran 'yar wasan da za ta fito a matar gida. Shiru-shiru, sai ga saƙo wai ba ta da lafiya. Darakta ya yi ta safa da marwa yana zagin iska, ga manajan kamfanin sabulun a zaune yana ta duba agogo. Can Darakta ya tsaya cak, ya ƙare wa Auta kallo daga sama har ƙasa.

Ta gane nufinsa kafin ya buɗe baki, ta ce Allah ya kiyaye. Ya roƙa, ya yi barazana, ya dawo ya sake roƙo. A ƙarshe ya ce in aka tashi yau ba a ɗauka ba kwangilar ta tafi, kuma ita ma ta san bakuna nawa ke ci a ƙarƙashin rufin nan. Wannan maganar ce ta karya ta. Aka raba ta da rigar aikinta mai aljihuna, aka sa mata doguwar riga ruwan hoda, aka shafe mata fuska, ta miƙa wa abokin aikinta kyamarar da ko taɓawa ba ta bari a yi.

Tallan gajere ne. Mata tana wanke faranti a kicin mai ƙyalli, miji ya turo ƙofa a gajiye da jaka a hannu, ta goge hannu da sauri, ta rusuna ta karɓi jakar, ta ɗago ta yi murmushi. Sai wata murya mai sanyi ta ce sabulun matan da suka san darajar gida ne. An sha maimaita rusunawar nan, don Darakta ya ce gwiwarta ta cika tauri, kamar mai shirin ɗaga buhu.

Auta ta ɗauka abin zai wuce kamar kowane talla. Ina. Kullum bayan labaran yamma sai an saka shi, a shagon aski, a ɗakin jiran asibiti, a falon kowa. Mutanen layinsu da suka saba bin ta da kallo in ta fito da jakar kaya suka koma gaishe ta da mutunci. Mama, mahaifiyar Auta, ta kira dangi kaf ta sanar. Manajan sabulu kuwa har gida ya zo wajen Yaya Babba, ya ce in aka ba shi zai zaunar da ita ta huta, Yaya Babba ya ce yanzu ya ga namiji. Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne duk shekarun da ta yi a bayan kyamara ba wanda ya taɓa ce mata sannu, amma daga rusuna wa wani ƙato da ko sunansa ba ta riƙe ba, ta zama 'yar albarka.

Ranar da Nas ya zo mata da labari, tana tsugune a bayan ɗakin ɗauka tana naɗe wayar fitila a gwiwar hannu. Da farin kayansa ya zo, alamar daga aiki yake, fuskarsa tana wani haske da ta manta rabon da ta gani.

"Umma ta yarda," ya ce.

Wayar ta zame daga hannunta. Ta sa ya sake faɗa, ya sake. Amma da ya zauna a kan akwatin fitila ya fara ba ta labari, ƙasa yake kallo. Ta san mutuminta, in gaskiya zalla ya ɗauko cikin ido yake faɗarta.

Ya ce tun da ɓarin jikin Umma ya shanye, talabijin ce abokiyar wuninta, kuma duk cikin abin da ake nunawa babu wanda take jira kamar tallan nan. Jiya yana ba ta magani aka saka, sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna, ta ce irin wannan take roƙa masa dare da rana. Shi kuma bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai ya san ta. Umma ta tambaya ko 'yar mutunci ce, ya ce ƙwarai. Ta tambaya ko tana da miji, ya ce babu. Ta ce to me yake jira, ya kawo mata ita jibi.

Auta ta jima tana kallonsa.

"Ka gaya mata ni ce?"

"Ke ce mana."

"Ka san abin da nake tambaya."

Ya shafa kai, ya gyara agogon da ke maƙale a aljihun rigarsa. "Ta tambaye ni ina waccan mai kyamarar. Na ce an wuce wajen."

Hawayen bai yi mata sallama ba, kawai ji ta yi yana sauka. Ba kukan murna ba ne, ba kuma duka na baƙin ciki ba, wani abu ne mai kama da kunya, kamar an kama ta sanye da kayan wata.

"An wuce wajen," ta ce. "Wato ka rabu da ni a gaban mahaifiyarka, ka samo wadda ta fi ni, yanzu ka zo in taya ka murna."

Ya sauko daga kan akwatin ya tsuguna a gabanta, bai damu da ƙurar da ke ɓata farin wandonsa ba. Ya ce ta yi wa Allah ta saurare shi. Ya ce ba ƙarya yake so su zauna a kai ba, ƙofa kawai yake nema, kuma ga ta Allah ya buɗe. Umma ta gan ta, ta san halinta, ta so ta, sannan a faɗa mata sannu a hankali. Ya ce jinin Umma ba ya son tashin hankali, ita ma ta sani. Haka suke yi wa yara a asibiti, in magani ya cika ɗaci sai a haɗa shi da abu mai zaƙi.

"Ni ce maganin mai ɗacin ke nan."

"Auta, kar ki juya min magana."

"Ban juya ba, kai ka faɗa. Aikin nan da kake kira ɗaci, da shi ka gan ni. A asibitinku ka gan ni, ina ɗaukar ranar rigakafi, ka ce ba ka taɓa ganin wanda ya nutsu a kan aikinsa kamar ni ba. Ko ka manta?"

Bai manta ba, idanunsa ma sun ciko. Sai ya faɗo abin da ya fi damunsa: Yaya Babba ya tare shi a bakin layi ya ce masa ko dai ya turo manyansa kafin wata ya ƙare, ko ya ba wa masu abin yi wuri. Shi kuwa ba shi da babban da zai tura sai da yawun Umma. Ya ce in ba ta je gobe ba, to ta gaya masa wace hanya ta rage.

Ta ɗauki wayarta ta ci gaba da naɗewa.

A gida ta ɗauka Mama za ta tsaya mata, ashe ba ta san inda aka kwana ba. Mama ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta ga ƙarya a nan ba, shiru ne kawai, kuma shiru ba ya kai mutum wuta. Ta ce ita ma ba son manajan nan take ba, mutum sai ƙamshin turare da yawan magana, amma in Auta ta bari wannan damar ta wuce, ba ta da bakin da za ta tare Yaya Babba. Washegari tun kafin Auta ta fito wanka Mama ta shimfiɗa mata doguwar riga a kan gado, ruwan hoda, wadda ta aro wajen maƙwabciya. Tana ɗaura mata ɗankwali tana karanta mata darasi: ta sassauta murya, ta rage faɗin taku, kar ta zauna ta buɗe ƙafa kamar mai jiran mota, in an tambaye ta abu ta ɗan yi jinkiri kafin ta amsa. Auta ta ce a ranta, ga wani daraktan kuma.

Gidan su Nas ɗan ƙarami ne, amma tsaf. An fito da gadon Umma falo don ta riƙa ganin shiga da fita. A gefen gadon akwai faranti cike da kwalaben magani, an jera su daga dogo zuwa gajere, aikin Nas ne ba sai an faɗa ba. Talabijin ɗin kuwa a kan teburin wani tsohon keken ɗinki take, an lulluɓe kan keken da mayafi.

Auta ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa. Wannan karon gwiwarta ba ta yi tauri ba, don tsoro ya riga ya sassauta ta.

Umma 'yar siririya ce, bakinta ya ɗan karkace, amma idanunta garau suke, irin idanun da ba a ɓoye wa canji. Tana ganin Auta ta fara murmushi da ɓarin fuskarta mai motsi, ta ce ta matso, ta ƙara matsowa. Ta kamo hannunta ta juya, ta shafa kantar da ke tafin, wadda riƙon ƙarfe da jan waya suka bari. Auta ta ɗauke numfashi.

"Ka gani ko, Babana," Umma ta ce da ɗanta, don haka take kiransa. "Hannun mai aikin gida ke nan. Ba irin na 'yan yanzu ba."

Nas ya ce haka ne, ya shige kicin da sauri.

Da ya kawo abinci, Umma ta yi saurin cewa wata maƙwabciya ce ke taimaka musu da girki, Allah ya saka mata. Auta na kai loma ɗaya ta gane hannun, don ba yau ya fara kai mata irinsa wurin aiki a kula ba. Ta ɗago ta dube shi, ya kawar da kai. Ashe a gidan nan kowa da abin da yake rufawa, ba ita kaɗai ta zo da aron riga ba.

Da Umma mafaɗaciya ce, da abin ya zo wa Auta da sauƙi. Sai ga tsohuwa mai daɗin hira, mai barkwanci, har tana kwaikwayon yadda ɗanta ke ɗaure fuska in zai ba ta magani. Daga nan hira ta gangara baya. Ta nuna keken da ke ƙarƙashin talabijin, ta ce shi ya yi wa Babana uba. Mijinta ya rasu yaron bai fara tafiya ba. Ta yi ta ɗinka kayan makaranta, ta ɗora a ka ta bi makarantu da shaguna tana kaiwa, ta yi ciniki da maza, ta yi faɗa da maza, aka yi ta yi da ita a unguwa har aka gaji. Ta ce akwai ranar da ta dawo ta tarar yaron ya yi barci a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, ba wanda ya buɗe masa.

"Ni ban taɓa zama a gida na jira wani ya dawo ba, 'yar nan," ta ce. "Kullum ni ake jira. In na ga tallan nan naki, sai in ji kamar rayuwar da aka hana ni ake nuna min. Na ce to ni ta wuce ni, amma matar Babana ba za ta sha rana ba, 'ya'yansa ba za su kwana a bakin ƙofa ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Son matar nan ya shige ta lokaci guda, kuma shi ne ya ƙara mata nauyin abin da ta zo da shi.

Umma ta goge ido da bakin mayafi, ta yi dariya ta ce Allah dai ya tsare, saura kaɗan wata mai yawo da kyamara ta ɗauke mata ɗa. Ta ce ba ta san abin da yarinyar ta ba shi ya ci ba, watanni yana yawo kamar marar lafiya. Irin waɗannan, in ji ta, ba sa zama, gidan miji masauki ne a wajensu. Auta ta saci kallon Nas. Yana tsaye yana juya cokali a kofin shayin da sukarinsa ya narke tuntuni.

Can Umma ta ce ita fa ƙanwarta ba za ta yarda ba sai ta gani da idonta, don tare suke kallon tallan ta waya kullum. Ta sa Nas ya ɗauko wayarsa ya ɗauke su a bidiyo ya tura mata. Ta jawo Auta ta zaunar a bakin gado, ta gyara ɗankwalinta, ta ce ya fara.

Nas gwanin allura ne, amma a ɗaukar hoto Allah bai ba shi ba. Ya tsaya yana fuskantar taga, rana tana dukan wayar, ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya yana karkatawa. Auta ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi. Ta cije leɓe, ta kalli gefe. Amma shekaru ta yi tana gyara irin wannan ɓarnar kafin ta kai ga tunani, kuma baki ba ya neman izini a kan abin da ya saba.

"Tsaya, yanke," ta ce. "Hasken yana bayanmu, baƙi ƙirin za mu fito. Dawo nan, ka ba taga baya. Kwantar da wayar, hannu biyu. Sauko daidai idonta, ba a ɗaukar mai jinya daga sama. Ƙara saukowa. Yauwa, riƙe nan."

Da muryarta ta wurin aiki ta faɗa, wadda ke sa ƙarti su matsar da fitila ba musu. Shi ma kuwa ya bi, taku bayan taku, har ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Sai da ta rufe baki sannan ta ji shirun da ya sauka a falon.

Umma ta saki hannunta a hankali.

"'Yar nan, ina kika koyi wannan?"

Nas ya yi caraf ya ce ai wajen ɗaukar tallan ta gani, in mutum yana zuwa irin wuraren nan dole ya tsinci wani abu. Har da 'yar dariya ya haɗa. Umma ba ta ko dube shi ba, idonta yana kan Auta.

Kalma ɗaya ake nema. Ta ce e, a ci gaba da hira, a tura bidiyo, a turo manya. Auta ta ji kalmar a kan harshenta, ga ta nan mai sauƙi. Sai ta hango kanta a falon nan bayan aure, tana fita da safe da wata sabuwar ƙarya, tana dawowa da wata, tana ɓoye rigar aiki a ƙasan jaka, matar nan kuma tana shafa mata hannu tana sa mata albarka. Ta zame daga bakin gadon ta durƙusa a ƙasa.

"Umma, ki gafarce ni. Ba a wajen talla na tsinta ba, aikina ne. Ni ce mai kyamarar."

Kuka ya ci ƙarfinta, amma ba ta tsaya ba. Ta ce babu wata yarinya ta biyu, tun farko ita ɗaya ce. Ta ce ranar 'yar wasa ce ba ta zo ba aka sa ta dole. Kicin ɗin da Umma ke sha'awa katako ne aka yi wa fenti, bango uku gare shi, famfon ma da tiyo ake zuba masa ruwa daga bokiti. Jakar da ta karɓa babu komai a ciki sai tsofaffin jaridu. Mutumin da ta rusuna wa kuwa, ana gamawa ya ruga ɗauko 'ya'yansa daga makaranta, don matarsa tana wurin aiki.

"Ba wanda ke zaune a gidan nan, Umma. Da yamma muka kwance shi muka jingine a bango."

Nas ya ajiye wayar ya nufi faranti yana neman abin awon jini. Umma ta ɗaga masa hannu, ya tsaya inda yake. Ta daɗe tana kallon talabijin ɗin da ke kashe. Auta ta shirya wa zagi, ta shirya wa kora, har ta fara laluben inda ta ajiye jakarta.

Da Umma ta yi magana, muryarta a kwance take. Ta ce ƙaryar ta Babana ce, kuma tsakaninta da shi ne, za su yi ta in baƙuwa ta tafi. Ta ce ita ba za ta ɓoye ba, yarinyar ta shiga ranta, kuma wadda za ta iya faɗin gaskiya a inda shiru zai fi mata riba ba abar yarwa ba ce.

"Amma kin ga halin da nake ciki. Shi yana fita tun safe, wata rana ya kwana a can. In na so juyawa sai na jira. Ina son wadda za ta zauna da ni. Ki ajiye kyamarar nan, ni kuma gobe-goben nan in aika gidanku."

Auta ta juya ta dubi Nas. Ba ta ji tsoro ba a lokacin, har wani sanyi ta ji, don yanzu babu sauran ɓoye-ɓoye, kuma wannan tambayar sun sha amsa ta su biyu a kan akwatin fitila. Ya sha ce mata ko da wasa kar ta bari wani ya raba ta da aikinta. Jira kawai take ya faɗa a gaban mahaifiyarsa, da ladabi, yadda ya iya, ya ce za su nemi mai kula, za su raba kwanaki, za su san yadda za su yi.

Ya dubi Umma, ya dubi kwalaben magani, sannan ya dube ta. Fuskarsa ta saki, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Auta, ai wannan da sauƙi," ya ce a hankali. "Dole dai wani ya zauna da ita."

"Wani."

"Kin gane ai. In an yi aure, haka ake yi. Ba na har abada ba, zuwa ta ɗan samu sauƙi."

Ta san ciwon Umma ba irin wanda ake samun sauƙinsa ba ne, kuma shi ya gaya mata haka da bakinsa. Ta share hawayenta da bayan hannu, hodar da Mama ta shafa mata ta biyo.

"A cikinmu wa ya yi karatun jinya?"

Ya yi tsuru yana kallonta, kamar ta yi masa wani yare.

"Kai ka san awon jininta, kai ka san juya ta, kai ke dafa abin da take ci. Ni ko allura ban iya riƙewa ba. In zama da ita ne maganar, me ya sa ba ka ce kai ba?"

"Ni?" Har ya ɗan yi murmushi, yana jiran ta ce wasa take. Da ya ga ba wasa ba ne, sai murmushin ya bushe. "Ni in bar aiki in zauna a gida, matata tana fita? Haba Auta. Me mutane za su ce?"

Bai faɗa da mugunta ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Da zuciya ɗaya ya faɗa, cikin ido.

Ta gyara durƙusonta ta fuskanci Umma. Ta yi mata godiyar abinci, ta yi mata addu'ar samun lafiya, ta ce ta yafe mata ɓacin ran da ta kawo mata har gida. Umma ta juya fuskarta bango.

Auta ta ɗauki jakarta ta fita. A bakin ƙofa ta zauna a kan dakali, ta jawo takalminta. Daga inda take tana jin komai na falon, ƙarar kwalba a kan faranti, da muryarsa ƙasa-ƙasa yana tambayar Umma ko ya ɗaga mata matashi. Ta sa ƙafa ɗaya, ta cire, ta kakkaɓe, ta sake sawa. Ta daɗe tana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi.

Bai fito ba.